Darasi na Tara: Kula da Fatar Fuska, Tsakanin Jita-jita da Gaskiya

Manufar darasi

A ƙarshen wannan darasi ana son ɗalibi ya iya:

1. bayyana aikin da fatar fuska take yi da abin da take buƙata;
2. rarrabe tsakanin abin da aka tabbatar da abin da ake faɗa kawai;
3. karanta rubutun da ke jikin kwalin mai, ya gane sinadarai uku masu haɗari;
4. sanin lokacin da ya kamata a bar maganin gida a tafi asibiti.

Gabatarwa

Yawancin abin da muka sani game da gyaran fuska a wurin kitso muka ji shi, ko a shagon aski, ko gidan biki, ko a bakin mai sayar da kayan shafe-shafe a kasuwa. Yanzu kuma ga waya, kowa ya zama malami. A cikin waɗannan shawarwari akwai masu amfani, akwai waɗanda ba su ƙara komai, akwai kuma masu ɓata fuska ɓarnar da gyaranta ke da wuya. Masu cutarwar abu guda ya haɗa su: gaggawa da wuce gona da iri. A wanke da ƙarfi, a murza da ƙarfi, a shafa mai zafi, a ga canji cikin mako guda. Ita kuwa fata ba ta son ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Yadda fata take

Fata gaɓa ce mai rai, kuma ita ce mafi girma a jikin mutum. A can samanta akwai wani siririn shimfiɗi na ƙwayoyin halitta da suka mutu, maiƙo na riƙe da su. Aikinsa shi ne ya hana ruwan jiki fita, ya kuma hana ƙwayoyin cuta da ƙura shiga. Kamar yaɓe yake a jikin ginin ƙasa: idan aka kankare shi, abin da ke ciki ya zama ba shi da kariya.

A ƙarƙashinsa fata tana ta haifar da sababbin ƙwayoyi, suna hawowa sannu a hankali. Wannan tafiya tana ɗaukar kimanin mako huɗu ga matashi, ta fi haka ga wanda ya manyanta. Saboda haka duk maganin fata na gaskiya yana buƙatar makonni kafin a ga aikinsa.

Launin fata kuwa daga wani sinadari yake zuwa mai suna melanin. Baƙi da fari kusan yawan ƙwayoyin da ke yin melanin ɗaya ne a jikinsu, bambancin yana wajen yawan wanda suke fitarwa. Melanin yana tare wani kaso na hasken rana mai ƙuna kafin ya kai ga cikin fata. Sai dai kuma duk lokacin da fata mai duhu ta ji ciwo, ko ta ƙone, ko ta kumbura, takan fitar da ƙarin melanin a wurin, shi ne baƙin tabon da muke gani. A riƙe wannan da kyau, domin shi ne mabuɗin sauran darasin.

Kuskure na farko: “Datti ne ke kawo kurajen fuska”

Mai kuraje yakan sha gori, a ce ba ya wanka. Sai ya dage da soso da sabulu, sau huɗu sau biyar a yini, wani ma har da sabulun wanki.

Kurajen fuska a cikin ramin gashi suke farawa, inda soso ba ya kaiwa. Sinadaran jiki da ke ƙaruwa lokacin balaga suna sa fata ta yawaita maiƙo. Maiƙon ya haɗu da matattun ƙwayoyin fata ya toshe ramin, wata ƙwayar bakteriya da dama can take zaune a fatar kowa ta samu wurin yaɗuwa, sai wurin ya kumbura. Shi ya sa suke yawa ga matasa, suke kuma taso wa wasu mata dab da al'ada ko lokacin goyon ciki. Gado ma yana da hannu. Baƙin ɗigon da ake gani a kan hanci maiƙo ne da iska ta taɓa ya yi duhu.

Yawan wanki da sabulu mai kaifi yana cire maiƙon da ke kare fata, ta bushe, ta yi zafi, kurajen su ƙara fusata. Sau biyu a rana ya isa, safe da dare, da sabulu mai laushi da tafin hannu. Ruwan alwala bai shiga wannan lissafi ba, tunda ba sabulu ake sawa ba.

Akwai masu cewa gyaɗa ce ko man gyaɗa ke kawo kuraje. Bincike bai tabbatar da haka ba. Abin da ya fi samun goyon bayan bincike shi ne yawan sukari da lemon kwalba da kayan fulawa, da madara ga wasu mutane, suna iya ƙara su. Masu cewa “aure ne maganinsu” kuma sun ga shekaru ne suna aikinsu: kurajen kan ragu da kansu bayan an wuce ƙuruciya, lokacin da ya yi daidai da auren mutane da yawa. Ga ma'aurata nan birjik da ke fama da su.

Kuskure na biyu: “A matse shi ya fita, a sa makilin ya bushe”

Idan aka matse kurji, wani ɓangare ya fito waje, wani kuma ya fashe ta ciki ya bazu. Kurjin da zai warke cikin kwanaki sai ya bar tabon da zai yi watanni, wani lokaci ya bar rami. Ga wanda jikinsa ke yin tsiron tabo, abin ya fi muni.

Makilin don haƙori aka yi shi. Sanyin da ake ji idan an shafa ba alamar warkewa ba ce, kuma sinadaransa suna iya ƙona fata su bar baƙi. Magungunan da aka tabbatar suna aiki sun haɗa da benzoyl peroxide, da salicylic acid, da adapalene, kuma sukan ɗauki mako 6 zuwa 12 kafin a ga bambanci sosai. Mai ciki ko mai neman ciki kada ta shafa adapalene ko tretinoin. A nemi shawarar likita ko ƙwararren mai harhaɗa magunguna kafin a fara.

Kuskure na uku: “Abin da ya fito daga ƙasa ba ya cutarwa”

Iyayenmu sun gaji abubuwa masu kyau. Man kaɗanya yana riƙe danshin fata, kuma ya taimaki mutane da yawa a lokacin hunturu. Amma kasancewar abu na gargajiya bai isa hujjar cewa ya dace da fuska ba. Barkono ma daga gona yake.

Lemun tsami shi ne babban misali. Fata tana da ɗan tsami kaɗan na halitta, wanda a ma'aunin pH yake wajen 5. Ruwan lemun tsami yana wajen 2, kuma kowane mataki ɗaya a wannan ma'auni ninki goma ne. Ban da haka, a cikinsa akwai sinadarin da idan rana ta doke shi a kan fata yakan jawo ƙuna, har da bororo, daga baya wurin ya yi baƙi. Mai neman goge tabo sai ta ƙare da wanda ya fi shi faɗi. Toka da kanwa da bakin soda kuma suna ɗaya gefen ma'aunin, suna cinye maiƙon fata. Dilka da sauran kayan murza jiki, idan za a kai su fuska, a yi a hankali kuma a jinkirta tsakani, kada a yi su a kan kuraje ko ciwo.

Maganar da ake yi cewa “in bai yi zafi ba bai yi aiki ba” ba ta da tushe. Zafi da raɗaɗi kuka ne fata take yi. Duk sabon abu a fara gwada shi a bayan kunne ko cikin hannu na kwana biyu ko uku kafin a kai shi fuska.

Kuskure na huɗu: “Wannan ba bilicin ba ne, asalin kalarki zai fito da ita”

Wannan ne kuskuren da ya fi kowanne tsada, don haka za mu daɗe a kansa. Mai shago ba zai ce miki bilicin yake sayarwa ba. Zai ce “mai wanke fata ne”, ko “haɗi ne na musamman”, ko “kayan itatuwa ne zalla”. Ƙa'idar mai sauƙi ce: duk man da ya mayar da mutum ya fi yadda Allah ya halicce shi haske, ya taɓa aikin melanin, ko me aka kira shi. Idan kuma ya yi hakan cikin kwana bakwai, akwai magani mai ƙarfi a ciki.

Matsalar ba ƙarama ba ce. A wata takarda da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2011, an ruwaito cewa kashi 77 cikin 100 na matan Nijeriya suna amfani da mayukan ƙara haske, a Togo kashi 59, a Mali kashi 25. A 2023 hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, NAFDAC, ta bayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a Nijeriya. Sinadarai uku ne suka fi yin ɓarna.

Na ɗaya, hydroquinone. Likitoci suna ba da shi don wasu tabbai, a kan wurin kawai, na ɗan lokaci. Idan aka daɗe ana shafa shi, yakan juya ya haifar da wani baƙi mai shuɗi-shuɗi a kumatu da goshi da gefen ido, fatar ta yi kaushi. Likitoci a Afirka ta Kudu sun bayyana wannan ciwo a jikin mata masu yawa tun 1975, kuma har yau maganinsa na da matuƙar wuya. Tarayyar Turai ta hana sa shi a kayan kwalliyar fata tun 2001, Kodebuwa ta yi dokar hana mayukan bilicin a 2015, Ghana ta hana masu hydroquinone a 2016.

Na biyu, magungunan sitiroyid, irin su clobetasol da betamethasone. Su ne ke cikin yawancin ƙananan mayukan tub da ake matsewa a cikin babban mai a gauraya. An yi su ne don wasu cututtukan fata, na kwanaki ƙalilan, bisa umarnin likita. A farko fuska takan yi sumul, mai shafawa ta ji daɗi. Daga baya fatar ta yi siriri, jijiyoyi su bayyana, nankarwa ta fito, kuraje da gashi su tsiro, ƙyasbi da makero su samu wurin zama. Idan aka ji rauni ko aka yi tiyata, ɗinki ya ƙi kamawa da wuri. Maganin yana ratsawa cikin jini, yana iya jawo hawan jini da ciwon sukari. Ranar da aka daina kuma fuska ta yi ja, ta yi ƙaiƙayi, sai a koma masa dole. Wadda ta daɗe tana shafawa kada ta yanke rana ɗaya. Ta je asibiti a tsara mata yadda za ta janye a hankali.

Na uku, zaiba, wadda a jikin kwali ake rubuta ta mercury ko calomel ko mercurous chloride, idan ma an rubuta ke nan. Tana lalata ƙoda da jijiyoyi, tana kawo rawar hannu da mantuwa. Tana kaiwa ga ɗan da ke ciki, tana bin nono, tana kuma shafar mutanen gida ta tawul da zanen gado. Yarjejeniyar Minamata ta 2013, wadda aka sa wa sunan garin Japan da gubar zaiba ta yi wa ɓarna, ta hana kayan kwalliyar da zaibarsu ta wuce miligiram 1 a cikin kilo 1. A 2023 ƙasashen da ke cikinta suka amince a hana ta gaba ɗaya daga 2025.

Abin da ya fi tayar da hankali shi ne iyayen da ke shafa wa jarirai da yara. Fatar yaro ta fi ta babba siriri, kuma jikinsa ƙarami ne, don haka guba ta fi saurin taruwa masa. Yaron da aka raina launinsa tun yana goye, da wane ido zai kalli kansa idan ya girma? Hausawa sun ce garin neman gira a rasa ido. Lafiyar fata ana gane ta da laushi da sheƙi da rashin ciwo, ko baƙa ce, ko wankan tarwaɗa, ko fara.

Kuskure na biyar: “Rana ba ta yi wa baƙar fata komai”

A nan akwai rabin gaskiya. Wani bincike da aka yi a Amurka a 1979 ya ƙiyasta kariyar da baƙar fata ke bayarwa da kimanin 13 a ma'aunin SPF, ta farar fata kuwa wajen 3. Shi ya sa kansar fata ba ta da yawa a cikinmu. Amma likitocin fata suna ba da shawarar man kariya daga rana mai SPF 30 ko sama, wanda ke tare kusan kashi 97 cikin 100 na hasken da ke ƙona fata. Rana ce ke sa tabon kuraje ya ƙara duhu ya ƙi tafiya, ita ce kuma ke ƙara baƙin da ke fito wa wasu mata a kumatu lokacin ciki. Mai maganin tabo da ba ta kare fuskarta daga rana tana gini ne ana rushewa.

Man kariya daga rana ba ya sa haske, kuma ba bilicin ba ne. Ana shafa shi da safe, a sabunta bayan kamar awa biyu idan ana cikin rana, ko bayan gumi da alwala. Wanda ba shi da halin saye, malfa mai faɗi da lema da inuwa suna taimakawa ƙwarai, musamman daga ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma. Ga zabiya da wanda bilicin ya riga ya cinye masa fata, wannan kariya tilas ce, domin kansar fata ta fi yi musu barazana.

Kuskure na shida: “Mai maiƙon fuska ba ya shafa mai”

Maiƙo daban, danshi daban. Fuska tana iya yin ƙyalli da maiƙo alhali tana fama da bushewa, musamman idan ana yawan wanke ta. Mai irin wannan fata ya nemi mai marar nauyi wanda ba ya toshe ramukan gashi. Mai busasshiyar fata kuwa man kaɗanya ko basilin zai yi masa, musamman da hunturu. A shafa bayan wanka tun fata na da ɗan laima. Ruwa mai zafi sosai yana ƙara kaushi, ɗumi-ɗumi ya fi. A kuma lura da man gashi: idan yana gangarowa goshi yakan jera ƙananan kuraje a bakin gashi.

Tsadar mai ba ta nuna ingancinsa. Abin dubawa shi ne jerin sinadaran da ke ciki, da lambar rajistar hukuma, da ranar ƙarewar aiki. Man da aka ɗura a roba babu suna babu rubutu, a bar shi a inda aka gan shi.

Kuskure na bakwai: “Wannan zancen mata ne”

Maza ma suna da nasu. Kurajen aski suna fitowa ne idan gashi mai murɗewa, bayan an aske shi ƙwal, ya lanƙwasa ya soki fata. Sauƙinsu shi ne a jiƙa gemu da ruwan ɗumi, a bi da reza yadda gashi ya kwanta, ko a yi amfani da kilifa a bar ɗan tsawo. Kada a yi tarayya a reza, domin cutar hanta nau'in B tana bin jini.

Ƙyasbi kuma naman gwari ne da ke zaune a fatar kowa, zafi da gumi ke sa shi ya yi yawa. Maganinsa na kashe naman gwari ne, kamar ketoconazole ko clotrimazole, kuma launin wurin yakan ɗauki makonni ko watanni kafin ya daidaita bayan an warke. Masu shafa man birki ko ruwan batir ƙuna kawai suke saya wa kansu.

Abin da fuska take buƙata

Abu uku ne: a wanke ta a hankali safe da dare, a shafa man da ya dace da ita, a kare ta daga rana. A wanke hoda da kwalliya kafin barci, kowa ya riƙe tawul ɗinsa, a riƙa wanke rigar filo. Isasshen barci da abinci mai ganye da 'ya'yan itatuwa suna taimakawa, taba sigari kuma tana saurin tsufar da fata.

Lokacin zuwa asibiti

A je a ga likita idan kuraje manya ne masu zafi ko suna barin rami; idan an yi wata uku ana magani babu sauƙi; idan fuska ta kumbura ko ta ƙone bayan shafa wani abu; idan ciwo ya ƙi warkewa, ko tawadar Allah ta canza girma ko launi ko tana jini. Farin tabon da ba a jin taɓi a kansa yana iya zama farkon kuturta, wadda ake warkewa daga gare ta, kuma maganinta kyauta ne. A tafi da duk mayukan da ake shafawa, a faɗa wa likita gaskiya ba tare da jin kunya ba.

Tambayoyi

1. Me ya sa fata mai duhu take yin baƙin tabo bayan kurji ko ƙuna?
2. Kawo abubuwa uku da ke haɗuwa su haifar da kurajen fuska.
3. Faɗi sinadarai uku masu haɗari a mayukan bilicin da illa ɗaya ta kowanne.
4. Me ya sa wadda ta daɗe tana shafa man sitiroyid ba za ta daina rana ɗaya ba?
5. Maƙwabciyarki za ta aurar da 'yarta, an kawo mata haɗin da “zai wanke amarya cikin mako guda”. Wace shawara za ki ba ta?

Aikin gida

Kowa ya ɗauko man da ake shafawa a gidansa, ya kwafe sunayen sinadaran da ke jikin kwalin a littafinsa, ya duba ko akwai lambar rajista da ranar ƙarewar aiki. Wanda karatun ya yi masa wuya ya zo da kwalin aji mu karanta tare.

Kammalawa

'Yan uwa ɗalibai, fuska ɗaya kowannenmu yake da ita, kuma ba a sayar da wata a kasuwa. Kafin ku shafa komai, ku tambayi abin da ke ciki, da wanda ya yi shi, da kuma dalilin da ya sa ake yi muku alkawarin sauri. Abin da kuka koya a nan ku kai shi gida, ku faɗa wa 'ya'yanku da ƙannenku, domin rigakafi ya fi magani.